Shaho, Kurciya da Wanda Ba Shi da Laƙabi

Tun rikicin makamai masu linzami na Kuba a 1962, siyasar Amurka ta saba kiran mai neman yaƙi shaho, mai neman sulhu kuma kurciya. Sunayen suna da daɗin faɗa, amma akwai abin tambaya: shin laƙabi ra'ayin mutum yake bayyanawa, ko kuwa ɓangaren da ake son a jingina shi da shi?

Ƙasar Hausa ta fuskanci wannan tambaya a 2023. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli da ya kifar da Mohamed Bazoum, ƙungiyar CEDEAO ta ba sojoji wa'adin mako ɗaya, ta kuma yi barazanar amfani da ƙarfi. Nan take sunaye suka fito. A bakin magoya bayan sojoji, mai ƙin yaƙin ɗan kishin ƙasa ne, mai neman a mayar da zaɓaɓɓen shugaba kuwa maci amana ko ɗan koren Faransa. A ɗaya ɓangaren, mai ƙin yaƙin ya zama mai ɗaure wa juyin mulki gindi, mai neman sa kuma mai kare dimokuraɗiyya. Mutum ɗaya, ra'ayi ɗaya, sunaye biyu masu karo da juna.

To, ina matsayin manomin Sae Sabuwa da ke jihar Maraɗi, wanda danginsa ke Jibiya da Katsina? Rufe iyakar Ɗan Issa ya tsananta masa tsadar rayuwa tun ba a harba harsashi ko ɗaya ba. Mai yiwuwa ne ya ƙi juyin mulkin, ya kuma ƙi yaƙin, domin ya san a gonar wa za a gwabza. Irin wannan mutum ba a yi masa suna ba, alhali ire-irensa suna da yawa. Majalisar Dattawan Najeriya ma a nan ta tsaya ranar 5 ga Agusta, inda ta yi tir da juyin mulkin amma ta ƙi amincewa da tura sojoji.

Illar laƙabi ita ce yana hutar da mai raɗa shi daga sauraro, domin wanda aka kira maci amana ba a neman hujjarsa. Adalci shi ne a tambayi mai son yaƙi ƴaƴan wa za su mutu, a tambayi mai ƙinsa wane zalunci ya yarda ya jure. Wanda ya amsa da gaskiya ya cancanci a saurare shi, ko da wane suna ake kiransa.