Albashi Bashi Ne

Idan wata ya ƙare, mai ba da aiki da ma'aikaci ba sa ƙirga kwanaki iri ɗaya. Wanda zai biya yakan ga jinkirin kwana goma ba wani abu ba ne. Wanda za a biya kuwa yana auna kwanakin nan da kuɗin makarantar yara, da bashin mai shago, da maganin da bai saya ba. Tambayar da ke gabanmu ita ce: albashi alheri ne da maigida yake yi sa'ad da ya ga dama, ko kuwa bashi ne a wuyansa?

Shari'ar Musa ba ta bar mu cikin duhu ba. Littafin Firistoci 19:13 ya hana ladan ɗan ƙwadago ya kwana a hannun wanda ya sa shi aiki. Maimaitawar Shari'a 24:15 ta ba da dalili: matalauci ne, da wannan kuɗi ya dogara. Ma'aikaci ya riga ya ba da ƙarfinsa da sa'o'in da ba za su dawo ba. Da zarar ya gama aiki, kuɗin ya zama nasa, ajiya ce kawai a hannunmu.

A sura ta 22 ta littafinsa, annabi Irmiya ya tsauta wa sarki Yehoyakim, wanda ya gina wa kansa gida mai benaye, ya ƙawata shi da katakon al'ul, amma ya hana magina hakkinsu. 'Yan'uwa, ikkilisiya ma mai ba da aiki ce. Tana da mai gadi, mai shara, malaman makaranta, da mai bishara a ƙauye. Sau nawa dattawa suke amincewa a sayi kwanon rufi da siminti, sa'an nan a ce wa mai gadi ya yi haƙuri, ai aikin Ubangiji yake yi? Sadaukarwa ita ce abin da mutum ya bayar da yardar ransa. Abin da aka riƙe masa ba da sonsa ba, ƙwace ne.

Wani zai ce, idan baiko ya ragu fa? Hakika akwai irin wannan lokaci. Amma mai tsoron Allah yakan kira ma'aikatansa tun da wuri, ya faɗa musu gaskiya, ya sa ranar biya, ya kuma fara tsuke aljihu daga kansa. A shekarar 2024 dokar Nijeriya ta mai da mafi ƙarancin albashi naira 70,000. Wannan ƙasan tsani ne kawai. Bai kamata Kirista ya jira doka ta koya masa adalci ba.

Kai ma'aikaci, yi aikinka da aminci ko ba idon kowa. Kai maigida, ka tuna gargaɗin Bulus a Kolosiyawa 4:1, cewa kai ma akwai wanda za ka ba lissafi a Sama.

Ya Ubangiji, kada ka bar hakkin wani ya kwana a hannunmu. Amin.