Tara da Rabi: Me Lamba Take Aunawa a Kan Ɗalibi?

A kwalejojin Nijar, daga Maraɗi har Tawa, ƙarshen kowane zango yana da ranar kiran sunaye. Malami ya tsaya gaban aji, ya fara daga na ɗaya ya gangara har na ƙarshe, kowane suna da lambarsa a gefe. Wanda ya sami goma bisa ashirin ya haye. Wanda ya sami tara da rabi bai kai ba, kuma idan ƙarshen shekara ne, yana iya maimaita aji ko a sallame shi. Rabin maki ke nan ya raba yara biyu da suka zauna benci ɗaya wata tara. Iyaye kan karɓi hukuncin kamar yadda ake karɓar awon tiya a kasuwa: an auna, bai cika ba, magana ta ƙare. Sai dai ita tiya ana iya kifa ta a duba gindinta. Wa ya taɓa duba gindin lambar?

An duba, kuma a ƙasar da aka gado tsarin daga gare ta. A shekarar 1936 aka wallafa wani bincike a Faransa, wanda Henri Laugier da Dagmar Weinberg suka yi a kan takardun jarrabawar bakaloreya. An ɗauki takardun ɗalibai, aka ba masu gyara dabam-dabam, kowa ya sa makinsa ba tare da ya ga na ɗan'uwansa ba. Takarda ɗaya ta ci a hannun wannan, ta faɗi a hannun wancan. Da suka lissafa yawan masu gyaran da za a tara kafin a sami makin da za a amince da shi, sai suka iske lissafi na bukatar mutum 13, insha'in Faransanci 78, falsafa kuwa 127. Ma'aunin da ke iya kaucewa da maki da yawa shi ne ake yanke wa yaro hukunci da rabin makinsa.

Wannan aibi ne na awo, ana iya rage shi da horo da tsari. Akwai wanda ya fi shi zurfi. André Antibi, malamin lissafi a jami'ar Toulouse, ya fitar da littafi a 2003 a kan wata ɗabi'a da ya lura da ita: malami yakan ji cewa jarrabawarsa ba ta da daraja in kowa ya ci, don haka, ko bai yi niyya ba, yakan shirya tambayoyi yadda sai wani kaso na ajin ya faɗi. Ko an tara haziƙai zalla a ɗaki ɗaya, sai an fitar da na ƙarshe a cikinsu. A nan lamba ta daina faɗin abin da yaro ya sani, ta koma faɗin inda yake tsaye a layi. Yaron da ya ƙaru sosai cikin wata uku, amma abokansa su ma suka ƙaru, yana nan a matsayinsa na arba'in da biyar, babu abin da zai nuna wa uwarsa.

Sa'an nan ga matsakaicin maki, wanda ƴan lakwal ke kira muwayan. Ana zuba darussa duka a tukunya ɗaya a raba, goma sha huɗu na tarihi ya rufe shida na lissafi, yaro ya wuce da raminsa. Badi a ɗora masa sabon gini a kan ramin. Babu maginin da zai yarda da wannan lissafi a katangar gidansa.

Abin lura shi ne, wata hanyar awo tana nan a unguwa ɗaya da lakwal, ta kuma girme ta da ƙarnoni. A makarantar allo ba a san goma bisa ashirin ba. Yaro ya rubuta allonsa, malam ya biya masa, ya koma ya yi ta maimaitawa, ya dawo ya karanta. In ya yi tuntuɓe a wata kalma, a nan take ake gyara masa, a kan kalmar, ya koma ya sake. In ya iya, sai a ce ya je ya wanke. Wankin allon shi ne sakamakon, shi ne kuma izinin ci gaba. Ba a ce ya iya rabin sura, a haɗa da kyan rubutunsa ya wuce. Ba a kuma ɗaure shi da tafiyar wani: yara talatin a gindin bishiya ɗaya, kowa da inda allonsa ya tsaya, wani yana babbaƙu, wani farfaru, wani ya doshi izu na goma. Wanda ya yi jinkiri bai faɗi ba, bai iso ba ne tukuna. Bambancin da ke tsakanin «ya faɗi» da «bai iso ba» ba na lafazi ba ne kawai. Na farko hukunci ne a kan mutum, na biyu labari ne a kan tafiya, kuma yana barin nauyin sauran hanyar a wuyan malami da ɗalibi tare.

A makarantun ilimi na zaure abin ya ƙara fitowa fili. Ijazar da malami ke ba almajirinsa tana ambaton littafin da aka karanta da sunan wanda ya karantar, da wanda shi ma ya karɓa daga gare shi. Mai ba da ita ya sa sunansa jingina. In almajirin ya fita ya yi ta kwaɓa, an san ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Lambar da ke kan takardar sakamako ba ta da uba: kowa ya sa hannu a cikinta, babu wanda ya ɗauki alhakinta.

Masu binciken tarbiyya na zamani sun zagayo kusa da wannan wuri ta tasu hanyar. A 1988 Ruth Butler ta raba ƴan makaranta a Isra'ila gida uku: wasu aka mayar musu da aikinsu da maki kawai, wasu da bayanin gyara kawai, wasu da duka biyun. Waɗanda suka sami bayani kawai su ne aikinsu ya inganta. Waɗanda aka haɗa wa biyun ba su fi masu maki kawai ba, domin ido in ya faɗa kan lamba ba ya komawa kan bayani. Shi kuwa Antibi ya ba da shawarar abin da ya kira yarjejeniyar amana: a sanar da ɗalibai tun da wuri jerin ayyukan da aka riga aka warware a aji, a ciro mafi yawan tambayoyin jarrabawa daga cikinsu, domin jarrabawa ta zama neman shaidar ƙoƙari maimakon tarko.

To me zai hana a yar da lamba gaba ɗaya? Amsar ba ta da daɗi ga masu son allo. Awon allo ya dace da nassi mai fuska ɗaya, wanda ko dai an karanta shi daidai ko ba a karanta ba. Ba ya auna fahimta da kansa, balle insha'i ko hujjar lissafi. Ya kuma rataya ne kacokan a kan adalcin mutum ɗaya. Inda hukuncin malami zai buɗe ƙofar kwaleji ko ya rufe ta, sai uban da ke da abin hannu ya fara kai gaisuwa, sai a tuna ɗiyar wane ce wannan. Takardar jarrabawar ƙasa, wadda ake ɓoye sunan mai ita a kai wa baƙon da bai san shi ba, da dukan aibinta, ita ce wurin da ɗan manomi na ƙauyen Mirriya yake tsayawa kafaɗa da kafaɗa da ɗan babban ma'aikaci na Yamai. Makantar lamba zalunci ce a cikin aji, amma a bakin ƙofa kariya ce.

Nijar ta ɗanɗana wannan da kanta. An dakatar da jarrabawar sartifika ta ƙarshen firamare a cikin shekarun 2010, aka dogara da makin da yara ke samu a makarantunsu, sa'an nan aka maido da ita a 2024. Cire jarrabawa bai haifar da awon allo ba, don ba a ba malami abin da awon ke bukata ba: lokacin sauraron yaro ɗaya-ɗaya. Malamin kwantaragi da ke gaban yara tamanin a ajin zana ba ya iya rubuta wa kowa bayanin gyara. Abin da ya rage masa shi ne lambar dai, ba tare da idon baƙo a kanta ba. Gwajin PASEC na 2014, wanda ya auna ƙasashe goma na Afirka masu amfani da Faransanci, ya nuna cewa a Nijar ƙasa da yaro ɗaya cikin goma na ajin ƙarshen firamare ne ya kai matakin da ake bukata a karatu. Waɗannan yara sun haye aji biyar kafin su iso nan, kowace shekara da takardar sakamakonta. Lambobin sun yi ta zuwa gida, ba su faɗa wa kowa cewa yaron ba ya iya karanta layi biyu ba.

Akwai kuma tambayar harshe, wadda ba a cika son tayar da ita ba. Yaron da ya san amsar lissafi da Hausa ko Zabarmanci, amma bai gane tambayar da Faransanci ba, sifirinsa na lissafi ne ko na Faransanci? Makarantun gwaji masu koyarwa da harsunan ƙasa, waɗanda aka fara a Damagaram a 1973, sun taso ne daga irin wannan damuwa.

Abin da hankali ya fi karkata gare shi shi ne a raba aiki biyu da aka ɗora wa ma'auni ɗaya. Zaɓe, inda kujeru suka yi kaɗan, a bar shi ga takarda marar suna, a ba ta masu gyara biyu in ta faɗo kusa da iyaka, kada rabin maki ya yanke shi kaɗai. Koyarwa kuwa, musamman a azuzuwan farko, ba ta bukatar na ɗaya da na ƙarshe. Tana bukatar ɗan gajeren jeri da uwa marar boko za ta fahimta in an karanta mata: ya san baƙaƙe, yana haɗa gaɓoɓi, yana karanta jimla, ya iya tarawa, bai iya ɗebewa da aro ba tukuna. Ko a aji mai yara tamanin, malamin da ya saurari huɗu a kowace rana zai zagaye su duka cikin kwana ashirin na karatu.