Kufan Inka da Magadansa: Abin da Tafiyar Lares Take Tambaya

Tafiyar Lares tafiya ce ta ƙafa da ake yi cikin kwana uku ko huɗu a tsaunukan Andes na ƙasar Peru, arewa da birnin Kusko. Tana ratsa ƙauyukan makiyaya da masaƙa masu magana da harshen Kecuwa, ta haura wani mashigin dutse da tsayinsa ya wuce mita 4,400, sannan ta gangaro garin Ollantaytambo, inda matafiya ke shiga jirgin ƙasa zuwa gindin kufan Machu Picchu. Yawanci da jagora ake yin ta, tare da mai dafa abinci da masu alfadarai da ke ɗaukar tanti da guzuri. Ta bambanta da sananniyar hanyar nan ta tsohuwar daular Inka mai tsawon kimanin kilomita 43, wadda take bi ta kan kufai kusan daga farkonta har ƙarshenta. A Lares rayayyu ake fara gani, kufai ya biyo baya. Wannan jeri ne ya sa tafiyar take tayar da wata tsohuwar tambaya ta addini: me mutum yake gani idan ya tsaya a kufan wata al'umma, kuma wane hukunci ya halatta ya yanke wa waɗanda suka gina shi?

Matafiyi yakan yi kwana biyu ko uku a Kusko, wanda tsayinsa ya kai kimanin mita 3,400, domin ƙirjinsa ya saba da ƙarancin iska. Daga nan mota ta kai shi maɓuɓɓugar ruwan zafi ta Lares, inda ƙafa take karɓar aiki. Zangon farko a yawancin lokuta ƙauyen Huacahuasi ne, can sama inda masara ba ta yi. Gidajensa na dutse ne, jinkarsu ta ciyawar tsauni, ɓerayen masar suna yawo a gefen murhu suna jiran ranar biki. Mata suna kaɗi da mazari a hannu suna tafe bayan garken lama da alfaka, dabbobi dangin raƙumi marasa tozo. Abincin yau da kullum dankalin turawa ne, wanda asalinsa ma nan ne, kuma iri-irinsa a Peru sun kai dubbai. A watannin Yuni da Yuli, lokacin da sanyin dare yake daskarar da ruwa, ana baza ƙananan dankali a fili ya kwana ya daskare, rana ta fito ta narkar da shi, a bi shi da ƙafa ana tattakewa har ruwansa ya fita, a sake barinsa ya bushe. Abin da ake samu baƙi ne, marar nauyi, yana iya shekaru a rumbu bai lalace ba. Da irinsa sarakunan Inka suka cika rumbunan gwamnati suka ciyar da mayaƙa. Noma da ginin ɗaki kuwa da ayni ake yin su, wato yau a taya wannan gobe ya rama, tamkar gayya a ƙauyen Hausa.

A rana ta biyu ake hawan mashigin. Nan ne tambayar addini take fara fuskantar baƙo kai tsaye. A ƙololuwar wurin akwai tsibin duwatsu da ake kira apacheta, kowane mai wucewa yana ƙara nasa. Jagora yakan zaro ganyen koka uku masu kyau, ya jera su tsakanin yatsunsa, ya hura musu iska yana fuskantar manyan tsaunuka yana ambaton sunayensu. A aƙidar mutanen wurin kowane babban tsauni apu ne, wato mai rai da iko da ke kula da garke da ruwa, ƙasa kuma Pachamama ce, wadda ake zuba wa ɗigon farko na abin sha, ake kuma yi wa baiko musamman a watan Agusta. Mafi yawan masu yin haka 'yan Katolika ne masu zuwa coci, ba sa ganin karo tsakanin biyun, duk da cewa a ƙarni na 17, bayan Sifaniya ta mamaye ƙasar, limamanta sun yi gagarumin yaƙi da waɗannan al'adu suna ƙona abubuwan bauta. Wasu ƙauyawan da suka koma cocin bishara sun bar su gaba ɗaya.

Sau da yawa ana miƙa wa baƙi ganyen a ce su ma su yi. Ga Musulmi, da ma Kirista mai riƙo da tauhidinsa, iyakar a bayyane take: kallo da tambaya da sauraro neman sani ne, amma roƙon dutse ya ba da kariya ibada ce, ita kuwa Allah kaɗai ake yi wa. Wasu suna ganin ƙin karɓar ganyen rashin ladabi ne. Idan aka duba da kyau, wanda ya ƙi cikin mutunci ya ɗauki abin da muhimmancin da mai shi yake ba shi, ya yarda cewa addu'a ce ake yi. Wanda ya karɓa don a ɗauke shi hoto, alhali bai yi imani da komai a ciki ba, shi ne ya mayar da ibadar wani abin nishaɗi.

Gangaren yana bi ta Patacancha da Huilloc, ƙauyuka biyu da aka sani da jan mayafin ulu da mazajensu ke ratayawa. Daga nan da maƙwabtansu ake ɗibar da yawa daga cikin 'yan dakon da ke aiki a hanyar Inka, inda aka hana shiga da dabbobin kaya saboda kofatonsu yana lalata matakalar dutse. Gwamnati tana ba da izinin mutum 500 ne kawai a rana a waccan hanya, kuma fiye da rabinsu ma'aikata ne. Sai a 2001 aka kafa dokar da ta ƙayyade nauyin da ɗan dako zai ɗauka da mafi ƙarancin ladansa. Ɗaukar kaya a waɗannan duwatsu yana da dogon tarihi. Daular Inka ba ta karɓar haraji da kuɗi, da aiki take karɓa: kowace ƙabila tana tura mazajenta su yi wa sarki kwanaki a gona ko gini ko hanya, tsarin da ake kira mit'a. Da shi aka shimfiɗa hanyoyin da suka haura kilomita 30,000. Bayan zuwan Turawan Sifaniya, gwamna Francisco de Toledo ya juya tsarin ya zama aikin tilas a mahaƙar azurfa ta Potosí daga shekarun 1570. Baƙon da yake tafe da sanda da gorar ruwa, wani yana ɗauke masa wurin kwana, ya shiga cikin wannan tarihi ko ya sani ko bai sani ba. Haƙƙin mai ɗaukar kayan, ladansa da abincinsa da bargon da zai rufa, shi ne hukuncin addini mafi kusa da wuyan matafiyi a dukkan tafiyar, domin shi ne wanda za a tambaye shi a kai.

Ollantaytambo gari ne da har yau mutane ke zaune a cikin lungunan da Inka suka tsara, ruwa yana gudu a magudanan dutse a bakin ƙofofinsu. A saman tudun akwai manyan duwatsu shida masu launin ja-ja da aka jera domin haikalin rana, ba a ƙarasa ginin ba. Daga mahaƙa a ƙetaren kogin Urubamba aka jawo su, wasu kuma suna nan yashe a kan hanya inda masu ja suka bar su. A nan sarkin Inka Manco Inca ya kori rundunar Sifaniya a 1537, kafin ya janye zuwa dajin Vilcabamba. Rushewar daular ba ta da wani ɓoyayyen dalili. Annoba ta riga Turawan isowa, sarki Huayna Capac ya mutu, 'ya'yansa Huáscar da Atahualpa suka gwabza yaƙin gado. Francisco Pizarro da mutanensa kimanin 168 suka kama Atahualpa a Cajamarca a watan Nuwamba 1532, suka kashe shi a shekarar da ta biyo. Ƙabilun da Inka suka murƙushe, irin su Cañari da Huanca, suka mara wa baƙin baya. An fille kan sarki na ƙarshe, Túpac Amaru, a dandalin Kusko a 1572.

Machu Picchu yana kan tudu mai tsayin kimanin mita 2,430. An gina shi wajen 1450 a matsayin gandun sarki Pachacuti, aka watse daga cikinsa bayan kusan shekara ɗari. Duwatsun manyan gine-ginensa an sassaƙe su sun haɗu ba tare da laka ba. Lokacin da Ba'amurke Hiram Bingham ya isa wurin a watan Yuli 1911, wani manomin yankin, Melchor Arteaga, shi ya haura da shi, ya kuma tarar da iyalai suna noma a gonakin nan masu hawa-hawa. Wurin bai taɓa ɓace wa maƙwabtansa ba.

Musulmi da ya tsaya gaban waɗannan gidaje da wuya Samudawa ba su faɗo masa a rai ba, mutanen da Alƙur'ani ya ce suna sassaƙa gidaje a duwatsu. Alƙur'ani ya maimaita umarnin a yi tafiya a bayan ƙasa a dubi ƙarshen waɗanda suka gabata, kuma ya tabbata cewa da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bi ta Hijr, mazaunin Samudawa, a hanyarsa ta zuwa Tabuka, ya hana sahabbai shiga gidajen sai da kuka da tsoro, ya kuma gaggauta wucewa. Wa'azin gaskiya ne, amma yana da iyaka. An san Hijr wurin azaba ne saboda wahayi ya faɗa, an aiko musu Annabi Salihu sun ƙaryata shi. Babu irin wannan bayani a kan Kusko, kuma malamai sun daɗe da bambanta wanda saƙo ya isa gare shi ya bijire da wanda bai isa gare shi ba, suna dogaro da ayar Suratul Isra'i da ta ɗaura azaba a kan aiko manzo. Duk wanda ya ɗauki cin nasara a yaƙi a matsayin hukuncin Allah ya ɗauki hujjar mamayan ne, domin abin da suka faɗa ke nan. Tun a zamanin an samu waɗanda suka ƙi yarda. Wani limamin Sifaniya, Bartolomé de las Casas, ya yi jayayya da wannan ra'ayi a Valladolid a 1550, haka kuma wani ɗan ƙasa, Felipe Guaman Poma de Ayala, ya rubuta wa sarkin Sifaniya littafi na kusan shafi 1,200, ya kammala wajen 1615, yana zana zaluncin da aka yi wa mutanensa da sunan addini.

Wannan ba ya wanke Inka. Sun kwashe ƙabilu daga ƙasarsu suka dasa su a nesa don kada su yi tawaye, sun kuma yi hadaya da yara. A 1999 an gano gawar yara uku a ƙololuwar dutsen Llullaillaco, sama da mita 6,700, sanyi ya adana su. Jagororin da ke ba da labarin daula marar yunwa marar zalunci suna rage gaskiya.

Inda wa'azin kufai ya fi cizo shi ne a kan sarauta. Ibn Khaldun ya lura cewa girman gine-ginen da daula ta bari daidai yake da ƙarfin da ta taɓa yi, kuma daula tana tsufa ta mutu kamar mutum. Sarakunan Inka sun shirya wa mutuwa ta hanyar da ba a saba ba: idan sarki ya mutu ana busar da gawarsa, gandunsa ya ci gaba da zama nasa, zuriyarsa suna yi masa hidima suna kai masa abinci suna fito da shi dandali ranar biki. Machu Picchu dukiyar Pachacuti ce da aka so ta dawwama a hannunsa bayan ransa ya fita. A 1559 wani jami'in Sifaniya, Polo de Ondegardo, ya tattaro gawarwakin sarakunan, aka aika wasu Lima, har yau ba a gano inda suke ba. Abin da ya rage shi ne abin da ba a gina don ɗaukaka ba: busasshen dankali, masaƙar hannu, taimakon juna a gona, da harshen Kecuwa da kusan mutum miliyan huɗu suka tashi da shi a Peru bisa ƙidayar 2017. Wanda ya zo ta jirgin ƙasa daga Kusko zai iya zaton al'umma ce ta shuɗe. Wanda ya kwana a Huacahuasi ya san gidan sarauta ne ya faɗi, talakawan suna nan.

Saura tambayar ko tafiyar ibada ce, kamar yadda wasu masu tallata ta suke nunawa. A Musulunci ɗaure kaya da niyyar neman lada a wani wuri an keɓe shi ga masallatai uku, na Makka da na Madina da na Ƙudus, tafiyar neman ilimi da lura kuwa halal ce, niyya ce take raba su. Su ma mutanen yankin ba Machu Picchu suke zuwa ziyarar ibada ba. Tasu ziyarar ita ce Qoyllur Rit'i, a kwarin Sinakara kusa da dutsen Ausangate, inda dubban mutane ke haurawa kowace shekara gab da bikin 'yan Katolika na Corpus Christi, ƙauye-ƙauye da masu rawarsu. A da wasu zaɓaɓɓun maza sukan sari ƙanƙarar dutsen su goyo ta zuwa gida a matsayin ruwan albarka. An dakatar da hakan saboda ƙanƙarar tana ja da baya sakamakon ɗumamar yanayi, ziyarar kuwa ana ci gaba da yin ta.