In masani ya ce "ban yarda ba"

Ɗan'uwa mai karatu, ga tambaya. In masani guda ya saɓa wa sauran masana, wa za ka bi?

Kada ka yi saurin cewa masu yawa. A da, likitoci na cewa damuwa da yaji ke kawo gyambon ciki. Wani likitan Ostireliya, Barry Marshall, ya ce a'a, ƙwayar cuta ce. Ba su yarda ba. A 1984 ya sha ƙwayar da bakinsa, cikinsa ya kamu. Ashe shi ke da gaskiya.

To, ga na biyu. A 1983, a birnin Paris, aka gano ƙwayar cutar da ke kawo Sida. A 1987 Peter Duesberg, babban masani a jami'ar Berkeley ta Amurka, ya ce ƙwayar nan ba ta da laifi. Ya ɗora laifin kan kayan maye, da yunwa, har da maganin Sida kansa.

Ni ban ga laifinsa ba ranar farko. Tambaya ba zunubi ba ce, ita ce ma aikin masani. Amma daga 1996 aka samu magunguna masu danne ƙwayar. Waɗanda aka fid da rai da su suka tashi, suka koma aiki. In ƙwayar ba ta da laifi, me ya tashe su? Duk da haka Duesberg bai janye ba.

Ka dubi bambancin mutanen biyu. Marshall a cikinsa ya gwada maganarsa. Maganar Duesberg kuwa, a jikin talakawa aka gwada ta. A shekarar 2000 shugaban Afirka ta Kudu, Thabo Mbeki, ya sa shi cikin masu ba shi shawara. Gwamnati ta yi ta jan ƙafa wajen raba magani. Ministar lafiya ma tafarnuwa da lemun tsami take yabawa. Mata masu ciki, sai da kotu ta tilasta a 2002 kafin a wadata su da maganin da ke kare jinjiri.

Masana na jami'ar Harvard sun yi lissafi a 2008. Sun ce jinkirin nan ya ci rayuka fiye da 330,000 tsakanin 2000 da 2005. Yawancinsu ba su taɓa jin sunan Duesberg ba.