HAƘƘIN ƘARAMIN KARE A KAN MAI BABBAN KARE

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halicci mai ƙarfi da marar ƙarfi, Ya kuma sanya ma'auni a tsakaninsu. Tsira da aminci su tabbata ga Annabin rahama, Muhammadu (S.A.W.), da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku ƴan uwa Musulmi, a ƙasashen Turai akwai wata masifa da likitocin dabbobi suka saba gani ƙwarai. Mutanen can suna ajiye wasu ƙananan karnuka cikin gidajensu, waɗansunsu ba su kai nauyin kilo 5 ba. Mutum zai fito da ɗan karensa shan iska, sai wani ƙaton kare ya kuɓuce wa mai shi, ya cafke ƙaramin a wuya ko a ƙirji, ya ɗaga shi sama ya girgiza. Abin da ido ke gani a fata ƴan huji ne biyu ko huɗu, amma ɓarnar tana daga ciki: nama ya rabu da fata, haƙarƙari ya karye, wani lokaci har huhu ya fashe. Likita zai aske wurin, ya buɗe ciwon ya wanke, ya cire mataccen nama, ya sa ƴar roba domin mugunya ta riƙa fita, ya ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta da na rage zafi. Ana ɗaukar makonni kafin ɗan karen ya miƙe, kuma da yawa daga cikinsu ko bayan ciwon ya warke, da sun hangi wani kare sai jikinsu ya ɗauki rawa.

Mai karatu yana iya cewa: to mu ina ruwanmu da jinyar karen Turawa? Muna roƙon a yi mana haƙuri, domin cikin wannan ƙaramin al'amari akwai tambaya babba wadda ta shafi kowane mai gida. Idan halitta mai ƙarfi ta ji wa marar ƙarfi ciwo, alhali dukansu biyu ba su da hankali, a wuyan wa haƙƙin yake? Kuma shin ciwon kare abu ne da zai hau kan Musulmi har a tambaye shi?

Matsayin kare

Sai mu fara gyara wata fahimta da ta yaɗu a cikinmu, cewa kare la'ananniyar dabba ce wadda jifarta ba laifi ba ne. Alƙur'ani mai girma ya ambaci karen As'habul Kahafi tare da bayin Allah na ƙwarai, a aya ta 18 ta Suratul Kahafi. Aya ta 4 ta Suratul Ma'ida ta halatta cin abin da dabbar farauta mai horo ta kamo. A mazhabar Imamu Malik (ya rasu a shekara ta 179 bayan Hijira), wadda ita ce akasarinmu muke bi, duk mai rai tsarkakakke ne muddin yana da rai, har da kare da yawunsa, kuma wanke ƙwaryar da ya sha a ciki sau bakwai bin umarni ne na ibada.

Gaskiya ne kuma shari'a ba ta saki al'amarin ajiye kare haka kawai ba. Hadisi ya inganta cewa ladan mutum yana raguwa kullum idan ya ajiye kare ba domin farauta ko tsaron dabbobi ko gona ba, malamai da yawa kuma sun haɗa tsaron gida da waɗannan idan akwai bukata. Saboda haka ajiye ɗan kare domin ado da wasa kawai ba ɗabi'ar da muke kira gare ta ba ce. Sai dai mu lura, wannan hukunci a kan mai ajiyewa yake. Shi ɗan karen bai zaɓi gidan da aka kai shi ba, kuma zafin fiƙa a cikin namansa daidai yake da wanda karen makiyayi zai ji a dajin Azawak.

Wa ke da laifi?

Babban karen da ya yi cizo ba mukallafi ba ne, ba a aiko masa da manzo ba, abin da ke cikin ɗabi'arsa ya yi. Akwai hadisi cikin Buhari da ke nuna cewa ɓarnar da dabba ta yi ba a biyan ta, waɗansu kuwa sukan fake da shi. Amma malamai sun bayyana cewa wannan yana nufin dabbar da babu sakacin kowa a cikin ɓarnarta. In akwai mai jan ta, ko mai korar ta, ko wanda ya sake ta inda bai kamata ba, to magana ta sauya. Cikin Muwaɗɗa an kawo labarin taguwar Bara'u ɗan Azib (R.A.) da ta shiga gonar wani ta yi ɓarna, Manzon Allah (S.A.W.) ya hukunta cewa masu gonaki su ne da tsaron gonakinsu da rana, abin da dabbobi suka ɓata da dare kuwa masu dabbobin ne za su biya. Aya ta 78 ta Suratul Anbiya ma ta ba mu labarin shari'ar da Annabi Dawuda da Annabi Sulaimanu (A.S.) suka yi a kan tumakin da suka shiga gona da dare. Duk wanda ya taɓa zama a fadar mai gari lokacin kaka, ya ga manomi da makiyayi a gurfane, ya san wannan hukunci da ransa yake har yanzu.

A kan kare mai cizo musamman, malaman Malikiyya sun ce wanda ya ajiye shi domin wata bukata ta halal, aka yi masa gargaɗi cewa karensa yana cizo, ya yi biris, to duk abin da karen ya ɓata shi zai lamunta. Wanda ya ajiye shi ba bisa izinin shari'a ba kuwa, zai lamunta ko ba a gargaɗe shi ba. Ibnu Abi Zaid Alƙairawani, mai littafin Risala da ake karantawa a zaurukanmu, ya kawo cewa wanda ya kashe karen da aka yi izinin ajiyewa, ƙimarsa tana kansa.

A nan wani zai ce: to ai ɗan karen ado ba ya cikin waɗanda aka yi wa izini, ke nan ba shi da ƙima gaban alƙali. Haka ne a wajen malamanmu. Amma abin da alƙali yake karɓa daban, abin da Allah zai tambaya daban. Shehu Izzuddini ɗan Abdussalam, babban malamin Shafi'iyya wanda ya rasu a Alƙahira a shekara ta 660 bayan Hijira (1262), ya lissafa haƙƙoƙin dabbobi a kan mutane cikin littafinsa Ƙawa'idul Ahkam. Daga cikin abin da ya kawo akwai ci gaba da ɗawainiyar dabba ko ta tsufa ko ta yi ciwo har ba ta da sauran amfani, da kuma hana haɗa ta wuri ɗaya da abin da zai cuce ta, ko daga jinsinta ne ko daga wani jinsi. Ashe tun fiye da shekara 700 da suka wuce malamin Musulunci ya riga ya ɗora wa mutum nauyin raba babban kare da ƙarami.

Turawa ma wahala ta kai su ga wannan ƙa'ida. Ingila ta kafa dokar karnuka masu haɗari a 1991. A watan Nuwamba na 2002 aka gurfanar da Gimbiya Anne, ɗiyar marigayiya Sarauniya Elizabeth ta biyu, gaban kotu, aka ci ta tarar fam 500 saboda karyarta ta ciji yara biyu a dandalin shaƙatawa na Windsor. Bayan shekara ɗaya, a Disamba 2003, wata karyar tata ta far wa ɗaya daga cikin gajerun karnukan Sarauniya a gidan Sandringham, raunin ya yi tsanani har aka ga babu makawa sai a kashe shi. A Faransa, dokar 6 ga Janairu 1999 ta ware karnuka masu haɗari kashi biyu, ta wajabta sa musu takunkumi da igiya a bainar jama'a, a 2008 kuma aka ƙara da cewa sai mutum ya sami takardar izini kafin ya riƙe irinsu. Duk waɗannan dokoki mai karen suke kamawa, kamar yadda fiƙihunmu ya yi tun farko.

Jinyar kare alhali mutane na cikin yunwa

Akwai wata magana mai nauyi da ba za mu tsallake ba. Kuɗin da ake kashewa a Turai wajen ɗinke ɗan kare guda yana iya ciyar da iyali a ƙauyenmu wata da watanni. Shin wannan ba almubazzaranci ba ne? Muna cewa lalle ɗan Adam shi ne a gaba, kuma wanda ya bar maƙwabcinsa ya kwana da yunwa ya tafi sayen kayan ado na kare, ya juya ma'auni. Amma mu tambayi kanmu da gaskiya: wanda ya wuce kare mai ciwo bai kula ba, shin kuɗin da ya tsimin ya kai wa maraya? Galibi zuciyar da ta bushe ga dabba ita ce dai take bushewa ga mutum. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira (R.A.) labarin matafiyin da ya ga kare yana lasar ƙasa don ƙishirwa, ya koma cikin rijiya ya ɗebo masa ruwa a huffinsa, Allah Ya gafarta masa. Sun kuma ruwaito labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha har ta mutu. Wannan matafiyi bai kashe ko dala ba, abin da ke hannunsa ya bayar. Haka nan ba a nemi talaka ya sayar da gonarsa don jinyar kare ba. An dai neme shi da abin da yake iyawa: ruwa, inuwa, wanke ciwo, korar ƙuda, da kai dabbar wurin ma'aikatan kiwo idan da hali.

Abin da ya rage gare mu

A biranenmu yau masu hali da yawa suna ajiye manyan karnuka domin tsaron gida. Wanda ya yi haka ya sani amana ya ɗauka. Ya gyara ƙofarsa da katangarsa, ya ɗaure karen lokacin da yara ke wucewa makaranta, ya ciyar da shi domin yunwa tana ƙara masa faɗa, ya kuma yi masa allurar rigakafin ciwon haukan kare. Idan karensa ya ji wa ɗan akuyar maƙwabci ko karen maƙwabci ciwo, ya je da ƙafarsa ya ba da haƙuri, ya ɗauki kuɗin magani, kada ya jira sai an kai shi gaban mai unguwa. Karen da ya yaga ƙaramar dabba yau ya yi wa mai shi gargaɗi ke nan, gobe yana iya zama yaro.

Cizon kare kuwa ba abin wasa ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe mutum wajen 59,000 a kowace shekara, akasarinsu a Afirka da Asiya, kuma kusan 40 cikin 100 yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamun ciwon sun bayyana, da wuya ƙwarai a tsira. Duk wanda kare ya ciza ko ya yaƙusa, a wanke wurin da ruwa da sabulu na tsawon minti 15, a garzaya da shi asibiti a ranar, kada a tsaya shafa toka ko ƙasa. Wanda zai taimaki karen da aka ji wa ciwo shi ma ya yi hattara, ya rufe shi da tsumma mai kauri kafin ya ɗauka, domin zafi yana sa dabba ta ciji ko mai ita. Rigakafi dai ya fi magani.

Sa'an nan mu iyaye da malaman allo, mu hana yaranmu tarar wa kwikwiyo da duwatsu, da haɗa karnuka faɗa ana shewa. Manzon Allah (S.A.W.) ya la'anci wanda ya mai da mai rai abin gwajin harbi. Yaron da ya saba jin daɗin kukan marar ƙarfi, in ya girma ya sami iko a kan mata ko barori ko talakawa, da wannan zuciyar zai riƙe su.

Imamu Muslim ya ruwaito cewa ranar Alƙiyama za a mayar wa kowane mai haƙƙi haƙƙinsa, har tunkiya marar ƙaho za a rama mata a kan mai ƙahon da ta tunkuye ta. To idan dabbar da ba ta da hankali za a tsayar da ita saboda ƴar uwarta, ina ga mutumin da aka ba hankali, aka ba igiya a hannu, ya kuma sake ta da gangan ko da sakaci? Kowannenmu akwai wani ƙarfi da aka ba shi riƙo, ko kare ne, ko mota, ko dukiya, ko muƙami, kuma akwai marar ƙarfin da ke zaune kusa da shi. Za a tambaye mu yadda muka tsare shi.

Allah Ya sanya tausayi a zukatanmu, Ya tsare mu daga ɗaukar haƙƙin kowace halitta tasa, Ya yi mana rahama ranar da babu mai jin ƙai sai Shi. Amin.