Motar Kamfani Amana Ce a Wuyan Direba



Ya 'yan'uwa Musulmi na Gaya da Ajingi, musamman direbobi da iyayen gidansu, ku ba ni aron kunnuwanku. Duk mai zama bakin titin da ya taso daga Wudil ya ratsa Gaya ya nufi Dutse ya san motocin da nake nufi: masu rarraba lemo da ruwan leda, masu kai taki, da fararen motocin ƙungiyoyi masu tambari a ƙofa. Direba zai shigo gari, ga almajirai na tsallaka titi da allunansu, ga mai amalanke yana fama da shanunsa, amma ƙafarsa ba za ta sauka daga kan totur ba. In an yi masa magana sai ya ce, "Ai motar kamfani ce." Nufinsa in ta lalace ba kuɗinsa, in an kama ta oga zai karɓo ta.

Ɗan'uwa, wannan lissafi ruɗin Shaiɗan ne. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta ƙayyade wa ƙaramar mota kilomita 50 a awa cikin gari, 80 a babban titi. In ka wuce, sunanka da lasisinka ake rubutawa a takardar tara. In ganganci ya kai ka ga kashe rai, kai za ka tsaya gaban alƙali, kai za ka kwana gidan yari. Tambarin ƙofar mota ba ya shiga kurkuku a madadin kowa.

Shari'ar Musulunci ta fi haka tsanani. Malaman fiƙihu sun ce wanda aka ɗauka aiki amintacce ne, ba a ɗora masa biyan abin da ya lalace a hannunsa sai in ya ƙetare iyaka ko ya yi sakaci. To gudun wuce ƙima fa, mene ne in ba ƙetare iyaka ba? A 1993 Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta zauna a Burunai, ta yanke cewa bin dokokin hanya waɗanda ba su saɓa wa Shari'a ba wajibi ne, kuma direba yana ɗaukar lamunin ɓarnar da ya jawo wa rai ko dukiya. Aya ta 92 ta Suratun Nisa'i ta ɗora wa mai kisan kuskure diyya da kaffara, wato 'yanta bawa, wanda bai samu ba kuwa azumin wata biyu a jere. Mu ɗauka inshora ta biya kuɗi, ko iyalan mamaci sun yafe diyya kamar yadda mutanenmu suka saba. Wa zai yi maka azumin? Manaja ba zai iya ɗauke maka ko da yini ɗaya ba.

Ku ma masu motoci, kada ku ce kun tsira. A dokar ƙasa, kotu kan tilasta wa uban gida biyan ɓarnar da yaronsa ya yi a bakin aiki. Tun 1 ga Fabrairun 2017 aka fara tilasta sa na'urar taƙaita gudu a motocin haya da na kasuwanci, kuma duk mai motoci biyar ko fiye wajibi ne ya yi rajista da hukuma ya kula da tsaron tuƙin direbobinsa. Amma abin takaici, akwai mai ɗora wa direba sawu uku a yinin da ba ya ɗaukar fiye da biyu, yana ta buga masa waya, "Kana ina? Har yanzu ba ka kai Ajingi ba?" Akwai kuma mai kai mota wurin mai gyaran wuta a cire na'urar a asirce. Wallahi mai yin haka yana da kamasho a kowane jinin da motar ta zubar, kuma cin hancin da zai miƙa don a saki motar zunubi ne kan zunubi.

Ya kai direba, in uban gidanka ya matsa maka, ka gaya masa cikin ladabi cewa ba za ka wuce ƙa'ida ba. In an ci tarar ka, ka sanar da shi gaskiya, kada ka cusa ta cikin kuɗin mai. Ya kai mai mota, ka sassauta wa yaronka lokaci, ka bar na'urar inda hukuma ta ce a sa ta. Limamanmu na Gaya da Ajingi, ku kai wannan magana kan mumbari ranar Juma'a. Allah Ya tsare mu da ɗaukar alhakin rai, amin.