Mai Keke a Cikin Gonakin Inabi

Wanda ya hau keke daga Melk zuwa Krems a ƙasar Ostiriya, yana bin gaɓar kogin Danube cikin kwarin Wachau, zai ga inabi ya hau tsaunuka hawa-hawa, kowane hawa an tokare shi da katangar dutse, har ya isa Dürnstein, inda aka tsare Sarkin Ingila Richard a 1192 yana komowa daga yaƙinsa da Salahuddini. To, ga mas'ala: tun da galibin inabin nan giya za a matse, shin ya halatta Musulmi ya yi sha'awar abin da ya san makomarsa?

Malamanmu na Malikiyya, bisa ƙa'idar saddu zari'a, wato toshe hanyar ɓarna, sun hana sayar da inabi ga wanda aka tabbata giya zai yi da shi, saboda mai sayarwa ya taimaka wajen yin ta. Amma mai keke, bawan Allah, bai dasa ba, bai tsinka ba, gumi kawai yake sharcewa, alhali inabin da ke reto a reshe tsarkakakke ne, Alƙur'ani ma cikin ni'imomi ya ambace shi. A ganina kallonsa tafakkuri ne. Teburin mashayar ƙauye kaɗai zai kiyaye: in yunwa ta tsayar da shi, ya sayi burodinsa ya koma gindin bishiya.